Uwayen Maƙwaƙwafi

Saura kwana uku a yi sunan ɗiyata ta fari, maigida ya bar mini zaɓi, ni kuma sunan da nake so ya ɓace mini ɓat. Laifin na Kaka Abu ne, mahaifiyar mamata. To, da nawa kaɗan.

A gidanmu na unguwar Zariya, nan Maraɗi, da an ci tuwo bayan magariba sai mu kewaye murhu, Kaka ta miƙe ƙafa ta ce, "Ga ta nan tahe, ku tare ta." Tatsuniya ɗaya ta fi so, ita ce kuma ta fi ba ni haushi.

Wai ƙwan maƙwaƙwafi ne, tsuntsun nan mai sarar itace da baki, ya gangaro cikin sheƙar kurciya. Da ya girma ya ga bakinsa ba irin na gidan ba ne, sai ya shiga daji neman danginsa. Kowace bishiya ya ƙwanƙwasa: "Uwata na ciki?" Tsuntsaye suka yi ta lissafa masa ubanni, ba abin da ya gane. Sai tsohuwar hasbiya ta ce masa, "Ta wajen uwa aka bin sawu, yaro."

Nan fa tatsuniya take mutuwa. Kaka ta dafa ƙirji: "Kamar ni nan, Abu ɗiyar Tabawa, Tabawa ɗiyar Kande..." Haka za ta yi ta ja har mata bakwai, zuwa wadda ta fara zama a Tibiri.

"Kaka, tsuntsun fa? Ya ga uwar tasa?"

"Ke dai kin cika azarɓaɓi. Mi kika ci na sauri? Maimaita mini su tukuna."

In toshe kunne, in tura baki. Ta yi fushi ta naɗe tabarmarta. Har ta bar duniya ban ji ƙarshen labarin ba, kuma wallahi har yau abin yana cina.

Abin takaici, da na je jami'a a kan wannan tsuntsu aka ba ni bincike. A cikin ƙwayar halitta akwai wani ɗan abu da ake kira mitokondiriya, mai ɗauke da nasa rubutun gado, wanda daga uwa kawai ake samunsa. Da shi muke gwada jinsunan maƙwaƙwafi, mu ga wanne ya fi kusa da wanne. Na yi shekaru gaban kwamfuta ina jera wa tsuntsu uwayensa, ashe nawa suna zubewa.

Sunan ta bakwai ɗin nake so. Na buga wa Inna Hakama, ƙanwar mamata da ke Jiratawa, don ita kaɗai ta rage.

"Tabawa, Kande, Tasalla..." Nan lissafin ya tsaya mata. "Daga nan ban sani ba, ɗiyata. Ai ke muka bar ma su. Ke ce kullum gindinta."

Na ajiye waya na yi kuka, rabi baƙin ciki rabi haushin kaina. Matan nan duka suna cikin jinin jaririyar da ke kan cinyata, wannan ko a jarabawa zan iya rubutawa. Kiran su ne ba zan iya ba.

Ranar suna liman ya raɗa mata Zainabu, wato Abu. Daga kanta aka sake ƙirga.