Munanan Ƙwallayen Goggo

Goggona maginiyar tukwane ce, kuma tana ji da aikinta, ni dai ban ga laifinta ba. Tukunya ba ta fita daga rumfarta sai ta sha guga da dutse har tana ƙyalli. Mijinta, da muke kira Baban Lambu, kabeji yake nomawa a bayan gida.

Shekarun da ya yi yana feshin maganin ƙwari sun taɓa masa ƙirji. Likita ya ce ko ya bar feshi ko ya bar lambun. To ai duk ɗaya ne, don in ba feshi tsutsa ce za ta cinye kabejin. Bawan Allah ya zauna bakin ƙofa ya zabga tagumi, har ya ba ni tausayi.

Malamin gona ne ya kawo dabara. A cuɗa yumɓu da ƙaiƙayi, a mulmula ƙananan ƙwallaye, a gasa. Ƙaiƙayin zai ƙone ya bar 'yan ramuka. Sai a jiƙa su a man dogonyaro da tafarnuwa, a zuba a gindin shuka, su riƙa sakin maganin a hankali.

Goggo ta yi, amma hannu ya riga ya saba. Ta bi kowace ƙwallo ta goge ta sumul. Aka tsoma a mai, ko ɗigo ba su sha ba.

"Ai kin toshe ramukan, Goggo," in ji malamin. "Masu kaushi ake so."

"Wato in yi mummunan abu da gangan? Da girmana?"

Ta wuni tana cika tana batsewa. Can ta leƙa ta ga mijinta yana wanke tankin feshi, zai koma feshi. Ta ƙwace tankin ta wurga ɗakin kaya, ta zauna ta mulmula wasu masu kama da kashin awaki, tana yi tana tsaki.

Waɗannan kam sun sha mai. Tsutsa ba ta ƙare duka ba, ana tsince ragowar da hannu, amma kabeji ya naɗe.

Yanzu gidan kullum warin tafarnuwa yake. Baban Lambu kuwa numfashi ya dawo, sai ya tsiro da waƙa yana ban ruwa, da wata murya mai korar kaji.

"Tun safe yake damun mutane," in ji Goggo.

Ta ja kujerarta ta matsa jikin katangar lambun.