Ranar da Surukina Ya Miƙo Mini Sifana

Shekarun baya, ban fi wata uku da aure ba, surukina ya aiko wai in raka shi kamun kifi. Shi haifaffen Jidda ne, yana da ɗan jirginsa mai injin dizal. Ni kuwa gyaran keken ɗinki nake a unguwar Hindawiyya, nan cikin Jidda, teku sai dai in hango ta daga titi. Amma wa ya isa ya ce wa suruki a'a?

Mu uku ne, da wani amininsa Bahaushen Sudan da nake kira Kawu. Tun da muka bar gaɓa nake rungume da bokiti ina amai, kunya kamar in nutse.

Bayan azahar muna dawowa sai ƙauri ya tashi. Surukina ya kashe inji da sauri, ya ɗaga murfi: bel ɗin da ke juya famfon ruwan sanyaya inji ya tsinke. In babu shi, tayar da inji ƙona shi ne. Ga iska tana tura mu wajen sha'ab, duwatsun nan na ƙarƙashin ruwa masu farka cikin jirgi. Aka saki anga, igiya ta ƙare ba ta taɓa ƙasa ba.

Sabon bel guda ɗaya ne tak a jirgin. Surukina gwanin teku ne, amma inji kullum makaniki ke taɓa masa. Ya ɗauko sukundireba ya fara danna bel ɗin kan fuli, wato ƙarfen da bel ke zagayawa a kai, da ƙarfin tsiya, ina kallon bakin ƙarfen yana cin gefensa. In wannan ya yage, mun gama. Kullum nake sa bel a moton keke, na san sai an sassauta. To amma ni da ko ido ba na haɗawa da shi, ta yaya zan ce, "Baba, ba haka ake yi ba"?

Sai na juya wajen amininsa. "Kawu, mu dai a keken ɗinki noti muke sassautawa, moto ya matso, bel ya shiga da kansa. Ban sani ba ko na ruwa daban ne."

Kawu ya gane. Ya ce, "Ya shekh, ka ji abin da masu keke suke yi?"

Surukina bai ɗago ba. Can ya ajiye sukundireba, ya miƙo sifana ta bayansa. "Halas, shi ke nan, mai keke ya zo ya gwada."

Wallahi nan take aman ya tsaya. Na durƙusa, na sassauta notin dinamo mai cajin batir, wanda bel ɗin ke bi ta kansa, na tura shi ciki, bel ya zauna salin alin. Na ja dinamo baya, na ɗaure, na danna bel da babban yatsa, ya ɗan lotsa daidai. Lokacin har ina ganin duwatsun ta cikin ruwa.

Surukina ya tayar da inji. Duk muka leƙa baya muna jira. Sai ruwa ya fara tsartuwa daga salansa, fat, fat, fat, alamar famfo ya kama aiki! Kawu ya yi kabbara. Ni kuwa na manta a gaban wa nake, na daka tsalle ina "Yauwa! Yauwa!"

Da muka bar duwatsun a baya, surukina ya matsa daga mazauninsa. "Yalla ya mu'allim, kama tuƙi. Kai za ka kai mu gida." A Jidda, gwanin sana'a ake ce wa mu'allim.

Har yau ban taɓa gyara masa magana kai tsaye ba, kuma ba na jin zan yi. Na dai gane mutum yana iya jin kunya ya kuma faɗi abin da ya sani. Na gyara kekuna sun fi a ƙirga tun daga lokacin, an yabe ni, an kushe ni. Amma duk ranar da jikina ya yi sanyi da aiki, wannan "mu'allim" ɗin nake tunawa, sai in ji ina murmushi ni kaɗai.