Hannun Daman Tsohon Ɗan Dambe

A gyara hanya, jama'a, ga zakaran teburin mai shayin Fagge! Ikrama ne ya naɗa wa wani dattijo wannan sarautar a ransa. Dattijon yana shan shayi da hannun hagu, na daman yana kwance bisa cinya, duk tabon tsagar magani, yatsun sun ƙi lanƙwasuwa. Wannan hannun ya sha ɗaurin zare a filin dambe, ko ba a faɗa ba.

Guruf ɗin nazarin damben da Ikrama ya buɗe a waya saura mutum huɗu, su ma sun yi gum. Muryar irin wannan tsohon ce kaɗai za ta tashe shi.

Ikrama ya matso kusa da shi. "Baba, in saka ka a guruf ɗinmu? Ka riƙa koya mana yadda ake kai ƙato ƙasa."

Dattijon bai ko ɗago ba. "Na ƙarshen da na kai ƙasa, shi nake wa dako a kasuwar Singa. Matsa, ka tare min iska."