Tsufa Ya Riske Ni Ban Kai Talatin Ba

Edita, sallama gare ka da masu karanta wannan shafi. Lokacin da abin ya fara ni yaro ne da bai wuce shekara tara ba, a wani ƙauye tsakanin Anka da Bukkuyum, maraya mai shegen surutu da tsokana, ba ni da aiki sai bin awakin Inna mahaifiyata da jifan kanya. Yau ban cika talatin ba, amma in ka gan ni a hanya sai ka rusuna ka gaishe ni. Roƙo ɗaya ya rage mini ga Allah: Ya ba ni kwanakin da zan raka Inna makwancinta, kada ita ta ga an fita da gawata.

Kumatuna na dama ne ya kumbura, haƙoran wajen suka fara girgiɗi, har idona ya nemi rufewa. Aka sha rubutu, aka yi turare, abu sai gaba yake. Kawuna ne ya kwashe mu ni da Inna zuwa babban asibiti a Sakkwato, can aka ce ciwon daji ne. Na yi watanni ana ɗura mini magani ta jijiya, ga amai, gashina ya zube ƙarƙaf. A gadon kusa da ni akwai wani yaro sa'ana, ɗan wani malamin makaranta na cikin gari, mai tabon ƙuna a bayan hannu. Ciwonmu ɗaya, maganinmu ɗaya, kawunanmu ƙwal, har masu jinya suna ce mana tagwaye. Allah Ya ba mu lafiya tare. Ranar sallama likita ya ja wa Inna kunne, ya ce ta riƙa ba ni ƙwai da madara da nama, kuma ta riƙa dawo da ni ana duba ni.

To, ƙwai da nama a gidan da tuwon ma sai an yi dabara? Shekarun haƙar zinariya ne a yankinmu. Maza na haƙo duwatsu su kawo gida, mata na dakawa ana biyansu. Inna ba ta taɓa son sana'ar ba, amma saboda ni ta karɓa, a turmin da take dakan gero. Ina zaune gefenta ina cin dafaffen ƙwai, ƙura na sauka a kai, in hure in kai baki, ita kuma tana dariya tana cewa ga kumatun ɗanta sun fara cikowa. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai tsikar jikina ta tashi. Ba a jima ba yara suka fara jijjiga suna mutuwa, ƙanwata ma a bayan Inna ta cika. Masu agaji suka zo suka ce gubar dalma ce a cikin dutsen, suka kankare ƙasar gidajenmu, suka fara ba ƙananan yara magani tunda su suka fi mutuwa. Ni na wuce shekarunsu, kuma ina yawo da ƙafata, kowa ya ce wanda ya tsallake ciwon daji ba ƙura ce za ta kayar da shi ba. Asibiti kuwa ba mu sake komawa ba.

Bayan dalma sai 'yan bindiga. Mun yi shekaru muna gudu muna dawowa, daga baya muka tare a wani ajin makaranta a Anka, wata rana a ci, wata rana a sha ruwa a kwanta. Ko ƙarar babur na ji sai gabana ya faɗi, kuma har yanzu haka nake. Daga ƙarshe kawu ya kai mu Gummi, na shiga noman shinkafa a fadamarsa. Can ne furfura ta fito mini ina ɗan ashirin, ƙafafuna suka fara kumbura, in na hau gaɓar gulbi sai na tsaya na huta. Samari na ce mini tsoho, da fari ina taya su dariya, daga baya na daina.

Bara jikin ya matsa, na koma asibitin nan. Ina tsaye a layi sai wani saurayi fes da shi ya miƙe ya ce mini, Baba zo ka zauna. Ya riƙe hannuna zai zaunar da ni, sai na ga tabon ƙunar. Kai! Ɗan tagwaicina ne. Ya tambaye ni cikin ladabi ko ɗana na kawo. Na ce masa ni ne wanda ke sace masa ƙosai in ya yi barci. Ya daɗe yana kallona, murmushinsa ya ɓace, idonsa ya ciko. Ashe shi duk shekara mahaifinsa na kawo shi a duba shi, yanzu ma dubawar ce kawai, karatu yake a jami'a. Ban yi masa hassada ba, tsoro na ji, don ranar na ga yadda ya kamata a ce ina kama.

Likitar da ta duba ni mace ce mai haƙuri. Bayan gwaje-gwaje ta ce zuciyata da ƙodata sun gaji kamar na dattijo, sannan ta shiga tambayata abin da na ci bayan sallama, inda na kwana, da abin da na shaƙa. Ta ce halittar da na gada daga iyaye tana nan yadda take a cikin ƙwayoyin jikina, amma rayuwa na sa mata alamomi, tana kunna wani sashe tana kashe wani. Da ta ji ni manomin fadama ne sai ta ce kamar magudanan ruwa ne, gonar ba ta canja ba, amma an toshe wannan an buɗe wancan. Maganin da ya cece ni ya bar nasa alamun, kuma masu bincike na ganin yunwa da guba da zaman fargaba na iya ƙara nasu a kai, har jiki ya riga shekarunsa tsufa. Ta faɗa mini gaskiya cewa ba ta da na'urar auna wannan, ba za ta iya ce mini ga rabon dalma ga rabon yunwa ba. Ta ba ni magunguna, ta hana ni aikin ƙarfi.

Abin da na koya shi ne, ranar da aka sallami yaro daga asibiti ba ranar aka gama ba. Iyaye, don Allah in ɗanku ya tashi daga wannan ciwo ku ci gaba da kai shi a duba shi ko yana guje-guje, kuma kada ku bar dutsen zinariya ya shigo inda yake ci yake kwana. Masu iko kuma su sani, tsoro da yunwar da yaro ya sha ba sa fita daga jikinsa don an daina harbi.

Da na dawo gida Inna ta tambaye ni abin da likita ta ce. Na ce mata aikin tsohon maganin ne kawai, ban ambaci ƙura ba, kuma ba zan taɓa ambata mata ba. Ta shafa kaina da hannunta, sannan ta ce in yi mata alkawari ni zan shiga ramin kabari in karɓe ta, don ta binne ɗaya ba za ta iya na biyu ba. Na ce na yi alkawari, Inna. Jiya tulun ruwanta na zo ɗagawa na kasa, ita ta karɓa ta shiga da shi.