Takalmi a Kan Tebur

Shekara uku yarinyar nan ta yi tana karatun koyarwa. Da ta samu aiki, aka haɗa ta aji ɗaya da wata tsohuwar malama, yara na ce mata Goggo Silifa. Gwajin wata uku ne, in ta kasa riƙe aji ta kama gabanta.

Goggo ba ta taɓa alli. Tana bayan aji, ƙafa kan benci, tana yankan farce da reza, guntayen na faɗawa kan littattafan 'ya'yan mutane. Tir! In surutu ya ishe ta, sai ta cire silifa ta kifa kan tebur. Aji ya yi tsit, don kowa ya san zafinsa. Sabuwa kuwa ta yi lallashi har murya ta dishe, yaran ko a jikinsu.

Ta ce, "Yaya, mu daina tsorata su mana."

Goggo ta ce, "Ƙanwata, kifa musu takardar shaidarki mu gani."

Ranar da shugaban makaranta zai zo duba sabuwar malama, Goggo ta ƙi zuwa, wai haƙori. Aji ya kaure da ihu, ga takun shugaba a baranda. Baiwar Allah ta sunkuya, ta cire takalminta, ta kifa kan tebur. Ko tari ba a sake yi ba.

Shugaba ya yaba natsuwar yaran, ya ce aiki ya tabbata. Ta yi godiya, ƙafa ɗaya tsirara. A gida sau uku ta wanke hannu, takalmin kuma ba ta ƙara sa shi ba.