Sandar Kawu Isa da Soket

Kun dai san Kawu Isa ba ya rabuwa da silifas na roba da busasshiyar sandar nan tasa, ko a tsakar gida. Ba ciwon ƙafa yake yi ba. Tun da wutar lantarki ta kashe 'yarsa ta fari a bokitin da aka tsoma hita, ya rantse ba za ta sake taɓa kowa a gidansa ba. Mu da muka tashi a hannunsa a Gaya, mun sha sandar nan a bayan hannu har mun gode Allah.

Ba mu kaɗai ba. Wata rana wani malami abokinsa ya zo daga Ajingi, ya idar da alwala, ya nufi soket da cajar waya, hannu na ɗiga. Sai ji muka yi ƙwas!

"Haba Isa! Ai komai da ƙaddara."

"Gaskiyarka, Malam. Amma ka bari ta same ka a Ajingi."

Lokacin bikin Yaya Rabi kuwa, ana jera kayan ɗaki ya hango hita sabuwa fil a kwalinta. Ya ɗauko almakashi ya datse wayar. Inna Lami, matarsa, ta ɗora hannu a ka.

"Malam, kayan amarya ne fa!"

"To na hana ta amarci ne? Ga murhu can, ga itace."

Ni ma saura ƙiris ya sa in rasa miji. Ran da Habu ya fara zuwa zance ana zafi, fankar zaure ba ta da filogi. Bawan Allah ya ga dama ta samu ta nuna ƙwarewa, ya cusa tsirarar waya a soket, ya tokare da tsinken ashana. Kawu ya leƙo.

"Kai ne mai son Hadiza?"

"Ni ne, Baba."

"Da ashana za ka riƙe min ita?"

Wallahi na ji kunya kamar in nutse. Habu bai sake taka zauren ba sai da filogi a aljihu.

Da ciwo ya kwantar da Kawu, ran nan da hantsi ya ce a tara mu. Muka zauna, kowa na jiran wasiyya kan gonarsa ta Kademi. Ya daɗe yana kallon gindin bango, inda 'yata Ummi take wasa.

"Ku ɗaga soket ɗin can sama," in ji shi. "Yarinyar nan ta fara rarrafe."

Muka yi dariya, har da Inna. Shi bai yi ba, bai kuma rufe ido ba sai da ya ga Habu ya kashe wutar gidan ya ɗauko sukundireba. Bai ƙara wata magana mai tsawo ba bayan wannan, har Allah ya karɓi ransa.

Ina kewarsa ƙwarai. Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da 'yar da ya yi ta gani a fuskar kowane yaro.