Gwangwanayen Madarar Mama

Mama ta sauka Kuala Lumpur da akwati biyu. Ɗaya kayan sawarta ne da daddawa da yajin jego. Ɗayan kuwa gwangwanayen madarar jarirai ne tun daga Kaduna, sai ka ce an gaya mata babu kanti a Malesiya. Na yi dariya har hawaye. Ita ko murmushi ba ta yi ba.

Lokacin ban daɗe da haihuwar 'yata ta fari ba. Muna zaune a wani ɗan gidan sama a Wangsa Maju, maigidana yana karatu, jirgin ƙasa yana wucewa ta bayan tagarmu kullum. Da yamma jaririya ta yi kuka, na ɗauke ta na sa mata nono. Mama ta miƙe tsaye.

"Cire ta. Cire ta, na ce!"

Ni ma ba kanwar lasa ba ce. Na ce, "Mama, don ke ba ki shayar da mu ba, ni ma sai na bi sahunki?" Wannan maganar ta daɗe a cikina. Mu uku ne mata a ɗakinta, duk da kwalba aka raine mu. Yaran unguwa 'yan gwangwani suke ce mana. Na tashi ina ganin yanga ce ta matar da ta yi boko, ko kuma ba ta damu da mu ba ne.

Sai ta zauna a hannun kujera ta gaya mini abin da ba a faɗa a gidanmu. Kakarmu ciwon dajin nono ne ya kashe ta da sauran ƙuruciyarta. Yayyen Mama biyu suka bi ta, babu wadda ta kai arba'in. Manyan dangi suka ce a nono ake shan abin. Shi ya sa duk haihuwa Mama takan ɗaure ƙirjinta da zane tamau, nono yana zuba, muna kuka a ɗaki, tana kuka a bayan gida.

Duk da haka ban cire yarinyar ba. Daga ranar, da na ɗauke ta Mama za ta fita baranda ta juya mana baya tana kallon ruwan sama. Abinci ma ta rage ci. Maigidana ya yi ta cewa, "Bari in yi mana tapau a mamak," ya je shagon abincin ya ɗauro shinkafa mai zafi a leda, ta taɓa ta ture.

Da na koma asibiti awo, na ba likitata labarin. Ta daina abin da take yi, ta tura ni gwajin jini. Bayan wasu makonni aka kira ni. Ina ɗauke da abin. Likitar ta yi mini bayani a hankali: gado ne da ke cikin ƙwayoyin halitta, tun ranar da aka ɗauki cikin mutum yake shiga, daga uwa ko daga uba. Ba dole ne ciwon ya zo ba, amma za a riƙa duba ni tun da wuri. 'Yata kuma ko ta ɗauka ko ba ta ɗauka ba, sai ta girma a gani.

Na ce, "Nonon fa?"

Ta ce da Malayanci, "Boleh, lah, babu damuwa. Ba ta. Ba a nono ake ɗauka ba."

A jirgi, hanyar gida, na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi damuna Mama ce. In na yi shiru, za ta koma gida tana ganin ina shayar da jikarta guba. In na faɗa, na gaya mata ke nan duk wahalar da ta sha a kanmu ba ta tsare kowa ba.

Na same ta tana wanke kwalaben da ba a taɓa amfani da su ba. Na faɗa mata duka. Ta daɗe hannunta cikin ruwa.

"Duk da haka kin ɗauka?"

"Na ɗauka, Mama."

"Ashe da na ba ku ma…" Ba ta ƙarasa ba.

Yarinyar ta farka da kuka. Na ɗauke ta na zauna, ina jiran in ji ƙarar ƙofar baranda. Sai na ji Mama ta zauna kusa da ni, kafaɗarta tana taɓa tawa. Ta sa jiƙaƙƙen hannunta ta tallabe ƙeyar jaririyar, tana kallon yadda take zuƙa. Matar da ta haifi uku, ta tsallako teku don ta koya mini raino, ta tambaye ni a hankali:

"Yaya ake ji?"